Abin buga sensar suga a fata: Libre, Dexcom ko Medtronic, wanne ne hannun gidanku zai iya?

Ranar da aka fara kawo ma Hajiyarmu sensar suga, wato ƴar na'urar da ake mannawa a fata tana nuna yawan sugan jiki a waya, mu huɗu ne a kanta a falo, ni da ƙanwata da matata da ɗan yayarmu da ke riƙe da takardar cikin kwali yana karanto mana, kowa na ba da shawara amma babu mai son ya zama shi ya danna. Hajiya ta ɗaga hannu har ya yi tsami, ta ce ku buga mana ko ku sake ni in je in yi azahar. Wannan robar mai kama da kofi da ake kifawa a damtse ita ta tsayar da mu, dan mun san sau ɗaya tak take aiki, in ta tashi a iska ko ta shiga a karkace to kuɗin sati biyu sun tafi, kuma ba abu bane da zaka leƙa kemis ɗin bakin layi ka sake siyo wani.

Tun daga lokacin na lura in ana maganar waɗannan sensoci kowa kan lamba yake tsayawa, wacce ta fi daidai, wacce ke ƙara in suga ya faɗi, wacce manhajarta ta fi kyau. Duk suna da muhimmanci. Amma a gidajenmu inda babu nas ɗin da zai zo duk bayan kwana goma, kuma kamfani ba lallai ya aiko maka da madadin wadda ta lalace ba tunda yawanci sautu ake bayarwa daga waje, toh abin bugawar nan, afliketa kenan, shi ke raba wanda zai ci moriyar kuɗinsa da wanda zai yi ta asara. Dan haka kafin ka tambayi wacce ta fi, fara tambayar hannun wa zai dinga buga ta, kuma a jikin wa.

A ciki duk kusan abu ɗaya suke yi. Akwai sifirin a ɗame, akwai allura, allurar tana ɗauke da wani ɗan zare mai laushi siriri kamar gashin doki. In ka danna, allurar ta huda fata ta ajiye zaren a ƙarƙashi wajen milimita 5 ta koma cikin robar, duk a ƙiftawar ido. Allura ba ta zama a jiki, wannan nake fara gaya ma duk wanda ya tsorata. Zaren kuma ba jini yake aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki ne, shi yasa lambarsa ke ɗan biyo ta jini a baya da minti 5 zuwa 15 musamman in suga na hawa ko sauka da gudu. Inda suka bambanta shine matakai nawa zaka bi kafin wannan ƙiftawar idon, da abin da ya rage maka bayanta.

Bari in fara da FreeStyle Libre na kamfanin Abbott tunda shi mutanenmu suka fi sani. Ya fito a Turai a 2014, Amurka ta amince da shi a 2017. Na farkon da Libre 2 hanyar bugawarsu ɗaya ce, kwalin na zuwa da abu biyu, wani ɗan gwangwanin roba mai murfin leda wanda sensar ke ciki, da kuma afliketan mai murfin da ake murɗewa. Zaka ɓare ledar, ka murɗe murfin, ka duba lambar da ke jikin biyun ta zama iri ɗaya, sannan akwai wani layi mai duhu a jikin kowanne sai ka daidaita su ka ɗora afliketan a kan gwangwanin ka danna da ƙarfi har ya tsaya. Nan ne wurin da mutane ke yin kuskure, dole a kan abu mai tauri za a yi, tebur ko siminti, in ka yi a kan katifa ko cinya ko kujerar kushin baya zama sosai. In ka ɗago shi yanzu ya zama bindiga a ɗane, allurar na ciki a shirye, kar ka sa yatsa kar ka kife shi a kan wani abu. Sai ka kifa a bayan damtse ka tura da ƙarfi, babu maɓalli, turawar ce ke sakin sifirin, zaka ji ƙas, ka janye a hankali. Sensar faɗinta milimita 35 kaurinta 5, tana kwana 14, tana buƙatar minti 60 kafin ta fara ba da lamba.

Abin da nake so a wannan tsarin shine babu wani ɗan maɓalli da za a laluba, duk tafin hannu ne ke aiki, mai ciwon gaɓɓai ko wanda yatsunsa suka yi nauyi saboda sugan ya taɓa jijiya zai iya. Abin da bana so shine matakin haɗawar nan, ga mai raunin gani layin mai duhu ba ya fitowa sosai, kuma yawancin iyayenmu masu suga ai idon ya riga ya fara taɓuwa. Sannan mai tsoro yana iya tura shi rabi-rabi ya janye hannu, kuma rabi-rabin nan shi ke ɓata sensa. Mu a gida yadda muka warware, ƙanwata ke haɗawa a kan teburin kicin ta kawo, ni kuma in buga.

Libre 3 ya kawar da wannan matakin gaba ɗaya. Sensar tana cikin afliketan tun daga kamfani, ka murɗe murfi, ka kifa, ka tura, shikenan. Ita kanta sensar ta ƙanƙance sosai, milimita 21 a faɗi, kauri bai kai 3 ba, wanda ke nufin ƙyauren ƙofa da hannun riga ba sa samun wurin kama ta kamar ta da. Turai ta amince da shi a 2020, Amurka a 2022, kuma akwai masu Plus a sunansu, Libre 2 Plus da Libre 3 Plus, da ke yin kwana 15. Duk dangin Libre dai a bayan damtse kawai kamfanin ya ce a buga, wannan ka riƙe shi, dan zai dawo in mun zo maganar yara da ramammu.

Dexcom kuwa hanyar maɓalli suka bi. G6 da ya fito a 2018 afliketansa ƙato ne, ya cika hannu, yana da maɓalli ruwan lemo. Shi filastar a waje take, zaka ɓare takardun bayanta, a jikin takardar akwai lamba huɗu da zaka sa a waya dan haka kar ka jefar, ka manna afliketan a fata tukun, ka karya wani ɗan makari da ke tsare maɓallin, sannan ka danna. Kaga a nan abin ya riga ya manne kafin allura ta motsa, babu maganar hannu ya goce, wannan babbar fa'ida ce ga yaro mai zille-zille. Amma aiki bai ƙare ba, akwai taransimita daban, wata ƴar ƙaramar na'ura ruwan toka mai aika lambobi zuwa waya da zaka tura cikin gurbinta har ka ji ta kama, ita tana wata uku ana cire ta daga tsohuwar sensa a mayar a sabuwa. Duk wanda ya ɓare tsohuwar sensa ya jefa a shara da taransimitar a jiki ya jefar da kuɗi masu yawa, kuma abu ne da ke faruwa cikin sauƙi in wanda ya cire ba shi ya saka ba. G6 kwana 10 yake yi, jiransa na farko awa 2. Kamfanin yana ta mayar da mutane kan G7 yanzu, dan haka wanda zai fara sabo ban ga dalilin ya ɗaura aure da G6 ba.

G7 ya samu amincewar Turai da Amurka a 2022, an haɗe sensa da taransimita wuri ɗaya, kamfanin ya ce ya fi G6 ƙanƙanta da kashi 60 cikin ɗari. Afliketan ya koma kamar ƙaramin kofi, ka murɗe murfi, ka kifa ka tura har wani zobe garai-garai da ke bakinsa ya shige ciki, sannan ka danna maɓallin da ke gefe. Wato abu biyu a lokaci ɗaya, turawa da dannawa, in baka tura sosai ba maɓallin ba zai yi ba. Kariya ce mai kyau dan ba zai tashi a iska ba, sai dai ga tsohuwar da za ta buga ma kanta a bayan damtse da hannu ɗaya tana leƙen madubi, abu biyu a tare ba wasa bane. Bayan ka janye zaka shafa gefen filastar da yatsa sau uku, ka danne sensar daƙiƙa goma, sannan akwai filasta ta biyu da ke zuwa a cikin kwalin wadda ake ɗorawa a kai, ita ma wani mataki ne da ke son hannu biyu ko mai taimako in ana so ta kwanta ba tattara. Lambar haɗawa da waya tana jikin afliketan, kar a jefar da shi sai an gama haɗawa. Jiransa minti 30 ne kacal, yana kwana 10 da ƙarin awa 12 na rangwame, kuma wannan awa 12 ɗin tana da amfani fiye da yadda ake zato, in wa'adi ya cika tsakar dare ba sai an tashi kowa ba. A 2025 Amurka ta amince da wani G7 mai kwana 15 amma na manya ne daga shekara 18.

Toh tsakanin tura-kawai irin na Libre da tura-ka-danna irin na Dexcom wanne ya fi? Ni dai abin da na gani, in mutum shi zai buga ma kansa kuma babba ne mai hankalinsa, tura-kawai ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman Libre 3. In kuwa uwa ce za ta buga ma ɗan shekara uku da ke ihu yana fizge-fizge, maɓalli ya fi, saboda ita ke zaɓar daƙiƙar da allura za ta fita, ta kifa ta jira ya ɗan lafa ko hankalinsa ya tafi kan waya sai ta danna. Ga kuma maganar wuri. Yaro ƙarami ko dattijon da ya rame damtsensa ba shi da tsokar kirki, in ka buga inda babu kitse zaren na iya taɓo nama, ga zafi ga jini ga lambobi marasa kan gado. Dexcom ya yarda a buga ma ƙananan yara a saman mazaunai, G6 kuma ana buga shi a ciki nesa da cibiya, kuma yana farawa daga shekara 2. Libre 2 da 3 na asali daga shekara 4 ne, masu Plus ɗin ne suka sauko zuwa 2. Waɗannan ƙa'idojin suna ɗan canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa dan haka takardar cikin kwalinka ita ce alƙali.

Sai Medtronic. Sensarsu ta Guardian, ta 3 da ta 4, ita ce kaɗai cikin manyan nan da abin bugawarta ba na yarwa bane, guda ɗaya zaka dinga amfani da shi. Da jin haka mutum zai ce ai wannan ya fi dacewa da mu, babu tarin shara babu ɓarnar roba. Amma ka ji matakan: sensar na zuwa a kan wani ɗan dandamali, ka ajiye a tebur, ka kifa mabugin a kai ka danna, ka danne ƙafafun dandamalin da yatsu biyu ka ja mabugin sama, ka ɗora a fata, ka matsa maɓallai biyu na gefe a tare, ka riƙe daƙiƙa biyar, ka ɗaga. Allurar a nan ba ta tafiya da mabugin, da hannunka zaka danne sensar ka zare gidan allurar. Sannan ka ɓare takardar filasta, ka ɗora filasta ta musamman, ka jona taransimita wadda sai an yi mata caji tukun, ka ƙara wata filastar. Duk wannan sau ɗaya a kowane kwana 7, da jiran awa 2, kuma Guardian 3 sai ka dinga tsira yatsa aƙalla sau biyu a rana kana gyara mata lissafi, ta 4 ce ta sauke wannan. Abu ɗaya da zan yaba, cajar taransimitar da batir ɗin AAA guda ɗaya take aiki, babu ruwanta da Nepa. Gaskiya in ba kana amfani da famfon insulin ɗinsu na MiniMed bane, wato na'urar da ke tura insulin cikin jiki a madadin allura, wanda ke buƙatar sensarsu, ban ga abin da zai kai mai farawa nan ba. Su ma sun gane, shi yasa suka fito da Simplera, Turai a 2023 Amurka a 2024, mai afliketa na yarwa da komai a haɗe, amma kwana 6 take yi da ƙarin awa 24.

Akwai Eversense na kamfanin Senseonics wanda shi babu afliketa a gida sam, ma'aikacin lafiya da aka horar ne ke ɗan tsaga fatar damtse ya saka sensar a ciki, wata tana kwana 180, sabuwar da Amurka ta amince da ita a 2024 shekara guda cur. Taransimita kawai kake mannawa a sama kullum kana mata caji. Na manya ne, kuma sai kana inda akwai wanda zai saka ya cire, dan haka na ambata ne kawai in wuce. Haka ƴan Chana da suka fara yawa a kasuwa, irin su Sibionics mai kwana 14 da iCan na Sinocare mai kwana 15, ka buɗe kwalin ka ƙirga matakan da idonka, in akwai haɗa gwangwani da afliketa to duk abin da na faɗa kan Libre 2 ya hau kansu, kuma a Najeriya ka nemi lambar NAFDAC.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, dan ko wanne ka siya a nan ake faɗuwa: fata. Afliketa aikinsa ya shigar da zare ya danna filasta, amma riƙewar kwana goma sha huɗu tsakanin gam ne da fatarka. Mu kuma mutanen mai ne, basilin, man kaɗe, man zaitun, humra, turaren jiki, ga sabulai masu maiƙo. Sensa ta biyu da muka saka ma Hajiya lokacin hunturu ne, ta yi wanka ta shafa basilin ɗinta kamar kullum, ni kuma na goge wurin da audugar sifirit sau ɗaya na ga ya yi fes na buga. Kwana biyu tana cire hijabi bayan la'asar sai ga sensar a cikin hijabin, zaren ya lanƙwashe, filastar tana sheƙi da mai. Ba a mayar da ita, in ta fita ta fita. Na ji zafin wannan sosai dan na san abin da aka sha kafin a siyo ta. Tun daga ranar ƙa'idarmu ita ce ranar canji ba a shafa komai a wannan hannun, a wanke da sabulu marar mai da ƙamshi, a tsane, a goge da sifirit, a bar shi ya bushe da kansa, ba hurawa da baki ba fifita da hannu, in da gashi a aske tun jiya. Buga sensa a kan danshin sifirit yana sa raɗaɗi kuma gam baya kamawa.

Lokacin bugawa ma yana da tasiri. A bazara, watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafi na wuce digiri 40, in ka buga da rana tsaka kana zufa gam ɗin ba zai samu damar kamawa ba. Mu da dare muke yi bayan isha in gari ya ɗan sarara, a kwana da ita ba wanka sai da safe. Ga mai zufa da yawa, ɗan acaɓa, mai aikin gona, matar da ke gaban murhu, filasta ta sama kusan dole ce. A nan G7 ya ci maki tunda tasa na cikin kwali, na Libre sai ka siya daban, irin su Tegaderm ko Opsite Flexifix ko waɗanda aka yanka musamman, kuma a kula da ɗan ramin da ke tsakiyar sensar Libre, ba a toshe shi da gam, ta nan danshi ke fita. Wanka ba matsala, Libre na jure ruwa zurfin mita 1 na minti 30, Dexcom mita 2.4 har awa 24, abin da ke cire su shine soso da tawul, a dinga dannawa a hankali kar a goga. Maganar wankan ibada da abin da ke manne a fata kuwa akwai hukuncin shafa a kan ɗauri a littattafan fiƙihu, a kai ma malamin da aka yarda da shi a nuna masa abin da idonsa.

Wasu fatarsu ba ta shiri da gam ɗin. In ka cire ka ga ɗan ja da ke bajewa cikin kwana ɗaya biyu wannan ba komai, amma in ƙaiƙayi ne mai tsanani da ƙuraje masu ruwa daidai zagayen filastar, wannan borin fata ne, a 2017 likitocin fata a Turai sun gano wani sinadari mai suna IBOA yana jawo ma wasu masu sensa irin haka, kamfanoni sun yi ta sauya haɗinsu tun daga nan. A baƙar fata jan baya fitowa sosai, sai dai ka ga wurin ya yi duhu ya kumbura, kuma tabon na daɗewa. Kar a sake bugawa a wurin, a nuna ma likita. Ko babu bori ma a dinga sauya hannu, dama yau hagu gaba, a kauce ma tabo da inda ake allurar insulin. Mata masu goyo su lura da inda zani ke bi da inda ƙafar yaro ke bugu, sannan a guji gefen da aka fi kwanciya a kai, dan danne sensa cikin barci na sa ta nuna suga ya faɗi alhali ƙalau yake.

Akwai abin da ke iya soke duk wannan zaɓin tun kafin a kai ga afliketa, wato magungunan da mutum ke sha, kuma ɗaya daga ciki ya shafe mu kai tsaye. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ake haifa da sikila, kuma da yawa cikin masu sikila suna shan hydroxyurea. Wannan maganin yana sa sensar Dexcom da ta Medtronic su nuna suga sama da yadda yake, mutum ya ga lamba ta hau ya ƙara insulin alhali sugansa daidai ne ko ma ƙasa, wannan hatsari ne na rai. Duk gidan da ke da mai suga kuma mai sikila dan Allah a faɗa ma likita wannan kafin a siya. Libre kuma nasa abokin gabar bitamin C ne mai yawa, sama da miligiram 500 a rana a Libre 2 da 3 na asali, kuma kun san yadda muke watsa farin bitamin C in mura ta kama mu. Farasitamol yana ɗaga lambar Guardian, G6 da G7 suna jure shi in bai wuce giram 1 duk awa 6 ba.

Sai waya. Libre sai an kara masa waya mai NFC, wato fasahar da waya ke karanta abu in an kara ta a jikinsa, ko na'urar karantawarsa kafin ya tashi, kuma ba kowace Tecno ko Infinix ko itel ke da NFC ba, shiga saitin ka duba. Na farkon ma sai kana kara wayar aƙalla duk awa 8 in ba haka ba bayanan tsakani su ɓace. Dexcom bulutut yake amfani da shi amma yana da jerin wayoyin da manhajarsa ke yarda da su. Abin da ya fi cin mutane shine ƙasa, sensar da aka siyo a Amurka ba lallai ta yi aiki da manhaja ko na'urar da aka yi ma Ingila ko Saudiyya ba. Ka ga mutum ya buga sensa lafiya lau, afliketa ya yi aikinsa, ya kara waya ta ce ba ta san zancen ba, ga abu manne a hannu ba amfani. Dan haka a sauke manhaja a buɗe akawun a tabbatar ta dace da ƙasar da aka siyo kwalin kafin a murɗe murfi, in sautu ne a ce a haɗo da na'urar karantawa daga shago ɗaya. A kula da ma'auni ma, wasu na nuna mg/dL wasu mmol/L, a raba ta farko da 18 a samu ta biyu, 70 ita ce 3.9, ƴan uwanmu na Nijar da suka saba da g/L kuma ita ce 0.70.

Wajen lissafin kuɗi kar a tsaya kan farashin kwali ɗaya, a ƙirga bugu nawa ne a shekara. Mai kwana 15 wajen 24 ko 25 ne, mai 14 guda 26, mai kwana 10 wajen 36, mai 7 kuwa 52. Kowane bugu dama ce ta kuskure, kuma kowanne sai an nemi mai taimako in hannu ɗaya baya isa. Ajiya ma lissafi ce, kwalayen nan iyakar zafin da aka rubuta musu tsakanin digiri 25 ne zuwa 30 gwargwadon iri, ɗakunanmu kuma a bazara sun wuce haka, dan haka siyo na wata shida a jibge a saman wardirob ƙarƙashin kwano ba dabara bace. A nemi wuri mafi sanyi a gidan, kusa da randa ko cikin firij in takardar ta yarda, banda firiza, kuma kar a bar su a mota.

In aka ce in zaɓa, ga babban da ke zaune shi kaɗai ko mai raunin gani ko rawar hannu, Libre 3 zan ce in wayarsa ta ɗauka, in kuma Libre 2 ake samu a kusa to ya nemi wanda zai dinga haɗa masa. Ga ƙaramin yaro mai nau'in suga na ɗaya, G7, saboda maɓallin da wurin bugawa da gajeren jira, in dai ba ya shan hydroxyurea. Mai famfon insulin kuma famfon ne zai zaɓa masa. Amma wanda zaka iya samu duk wata ba yankewa ya fi wanda ya fi kyau a takarda, sauya iri duk bayan wata biyu na nufin koyon sabon hannu kowane lokaci, kuma a bugun farko aka fi yin ɓarna.

Ko wanne ne, na'urar tsira yatsa da sitirif ɗinta su zauna a gida. Ranar farko ta sabuwar sensa lambobi kan yi ɗan yawo, kuma duk lokacin da abin da jiki ke ji ya saɓa ma abin da waya ta nuna, yatsa ake bi. Masu azumi da izinin likita, ƙa'idar da ƙungiyar ciwon suga ta duniya IDF da ƙungiyar DAR mai kula da suga da azumin Ramadan suka fitar ita ce a karya in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma gara a saka sabuwar sensa kwana ɗaya biyu kafin a ɗauki azumin farko yadda za ta zauna.

Afliketan da aka gama da shi kuma har yanzu allura na cikinsa da ɗan jini a jikinta. Yara na ganinsa kamar abin wasa, ƴan bola jari kuma hannu suke sawa cikin shara ba safa. A mayar masa da murfinsa a murɗe tam. Mu wata jarkar man gyaɗa mai faɗin baki muka ware a saman kabad, nan muke tara su tare da alluran insulin, in ta kusa cika ƙanwata ta naɗe bakin da salatif ta tafi da ita ranar da Hajiya ke ganin likita a zuba cikin na asibiti.